Kyauta Mai Ƙugiya: Gasar Manyan Kamfanoni Kan Kayan Rubuta Manhaja

Kowace manhaja da ke cikin waya ko kwamfuta, daga WhatsApp har zuwa wadda banki ke tura kuɗi da ita, wani ne ya zauna ya rubuta ta layi bayan layi. Kuma ba da hannu wofi yake yin aikin ba. Yana buƙatar harshen da zai yi rubutun da shi, da manhajar da zai buɗe ya yi rubutun a cikinta, da tafintan da zai juya abin da ya rubuta zuwa abin da inji ke ganewa, da kuma tarin rubutun da wasu suka riga suka yi, wanda zai ɗora nasa a kai. Waɗannan su ne kayan aikin sana'ar, kuma kusan kowanne da kamfanin da ke tsaye a bayansa.

A leƙa allon matashin da ke koyon sana'ar a yau. Manhajar da yake rubutu a ciki galibi VS Code ce, ta Microsoft. Inda yake ajiye aikinsa GitHub ne, shi ma na Microsoft. In shafin intanet yake ginawa, da wuya a rasa React, wadda Facebook ya fitar a 2013. In manhajar wayar Android ce, zai buɗe Android Studio ta Google, ya yi rubutu da Kotlin, harshen kamfanin JetBrains. Duk cikinsu babu wanda ya biya wa ko sisi.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Kamfanonin na zuba miliyoyin daloli a kayan da suke rabarwa ne domin hannun mai rubutu ya saba da nasu. Wanda ya mallaki kayan aikin, shi ke da ta cewa kan inda manhaja za ta yi aiki, da inda za a biya kuɗin hayar injinan da za su ɗauke ta. Kamar mai raba wa teloli keken ɗinki ne kyauta, amma keken ba ya karɓar allura da zare sai na shagonsa.

Zamanin da ake sayar da kayan

Da farko ba haka abin yake ba. Kayan aikin su ne hajar. A 1983 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Borland ya fitar da Turbo Pascal a kan kimanin dala 50, a lokacin da ire-irensa ke cin ɗaruruwan daloli. Ga arha, ga sauri. Wani matashi ɗan ƙasar Denmak, Anders Hejlsberg, shi ya rubuta ƙashin bayansa. Microsoft ya mayar da martani da nasa kayan masu rahusa, sannan a 1991 ya zo da Visual Basic, wanda ya ba mutum damar jawo maɓalli da akwati ya jera a kan allo, ya haɗa manhajar Windows cikin yini guda. Borland ya rama da Delphi a 1995, kuma masana da dama na ganin ya fi Visual Basic inganci.

Sai dai ƙarfi ba ɗaya ba. Borland da cinikin kayan aikin yake ci, yayin da Microsoft ke da Windows, wadda kowace sabuwar manhaja da aka rubuta mata ke ƙara wa daraja. A 1996 Hejlsberg ya koma Microsoft. A shekarar da ta biyo baya Borland ya kai ƙara, yana zargin cewa da gangan Microsoft ya janye masa ƙwararrun ma'aikata sama da talatin domin ya karya shi. An sasanta a wajen kotu. Delphi na nan da rai, amma tun 2008 ya koma hannun wani kamfanin.

Java ta tayar da hankalin Microsoft

A 1995 kamfanin Sun Microsystems ya fito da Java, aikin tawagar da James Gosling ya jagoranta. Alkawarin Java shi ne mutum ya rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace irin kwamfuta, ko da Windows ko babu. Dabarar ita ce a sanya wani inji na manhaja a tsakani, shi zai riƙa magana da kowace kwamfuta da yarenta. In hakan ta tabbata, babu sauran dalilin da zai sa mai rubutu ya maƙale wa Windows.

Microsoft bai fito ya yaƙe ta gaba da gaba ba. Ya karɓi lasisi daga Sun a 1996, ya fitar da nasa samfurin mai suna Visual J++, ya cusa masa wasu abubuwan da ba sa aiki sai a Windows, ya kuma bar wasu sassan da Sun ya ce dole ne a saka. Duk wanda ya yi aiki da shi bai ankara ba, sai ya wayi gari manhajarsa ta zama 'yar Windows kaɗai. Shigo-shigo ba zurfi ke nan.

Sun ya garzaya kotu a 1997. Batun ya kuma shiga cikin babbar shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar kan Microsoft a 1998 bisa zargin babakere a kasuwa. A 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni a 2001, amma ta amince cewa Microsoft ya yaudari masu rubutu da Java. A wannan shekarar aka sasanta da Sun a kan dala miliyan 20, sannan a 2004 aka yi babban sulhun da ya sa Microsoft ya biya kusan dala biliyan 2.

Kafin nan Microsoft ya riga ya sauya dabara. A 2000 ya sanar da harshensa na kansa, C#, wanda Hejlsberg ya jagoranci tsara shi, tare da dandalin .NET da ya fito a 2002. Kamannin C# na farko da Java ba ɓoyayye ba ne. Tun daga lokacin manyan ma'aikatu suka rabu gida biyu, masu Java da masu .NET, kuma har yau tallan neman ma'aikata na nuna wannan rabuwa. Wani abin lura shi ne harsunan biyu sun yi ta ɗaukar dabarun juna: abin da ɗaya ya kawo bana, ɗayan zai kwaikwaya baɗi.

A ɓangaren burauza ma an yi irin wannan. Brendan Eich ya rubuta harshen JavaScript wa kamfanin burauza na Netscape cikin kimanin kwana goma a 1995, Microsoft ya fito da kwatankwacinsa mai suna JScript a 1996. Duk da ƙa'idar bai-ɗaya da aka amince da ita a 1997, masu gina shafuka sun shafe shekaru suna rubuta abu guda sau biyu, ɗaya don wannan burauza, ɗaya don waccan.

Da kyauta ta zama makami

IBM ne ya nuna yadda ake karya kasuwa da kyauta. A 2001 ya saki Eclipse, manhajar rubutu da aka ƙiyasta kuɗin gina ta da kimanin dala miliyan 40, ya buɗe asalin rubutunta ga kowa. Sun na da tasa, NetBeans, ita ma kyauta. IBM bai damu da cinikin manhajar rubutu ba, domin ribarsa na cikin manyan injina da kwangilolin da ma'aikatu ke ba shi. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne masu sayar da irin waɗannan kaya, ciki har da Borland.

Kamfani guda ya ƙi bin wannan hanya, ya kuma tsira. JetBrains, wanda aka kafa a birnin Firag a 2000, ya ci gaba da sayar da IntelliJ IDEA da kuɗi, kuma masu rubutu suka ci gaba da biya saboda ta fi sauƙaƙa musu aiki. A 2013 Google ya sanar da cewa a kanta zai gina Android Studio, ya juya wa Eclipse baya.

Shekara goma sha ɗaya a kotu

Babu rikicin da ya kai na Oracle da Google tsawo da tsada. Google ya sayi Android a 2005. Yana son miliyoyin mutanen da suka riga suka iya Java su fara rubuta wa sabuwar wayar manhaja ba tare da koyon sabon abu ba. Ya tattauna da Sun kan lasisi, ba su daidaita ba. Sai ya rubuta nasa injin daga tushe, amma ya kwafi sunayen umarnin Java da yadda aka jera su.

Misali guda, wanda kotu da kanta ta yi amfani da shi, ya isa ya fayyace batun. A Java, in ana son a gano wace ta fi girma tsakanin lambobi biyu, ana kiran wani umarni mai suna max, wanda ke cikin rukunin Math. Mai rubutu ya haddace wannan suna da wurin da yake. Rubutun da ke yin ainihin lissafin a bayan fage, Google ya rubuta nasa. Sunan da mazauninsa kuwa ya bar su yadda Sun ya tsara, don kada hannun da ya saba ya ruɗe. Irin waɗannan layuka kimanin 11,500 ya ɗauka, daga rukunai 37, a cikin rubutun da ya kusa layi miliyan uku.

Sun bai kai ƙara ba. Amma a farkon 2010 Oracle ya kammala sayen Sun a kan dala biliyan 7 da ɗoriya, kuma a watan Agustan shekarar ya maka Google a kotu. Daga baya diyyar da yake nema ta kai kusan dala biliyan 9.

Shari'ar ta yi ta kai-komo. A 2012 alƙali William Alsup, wanda shi kansa ya iya rubuta manhaja, ya yanke cewa irin waɗannan sunaye ba sa shiga ƙarƙashin haƙƙin mallaka. A wannan zaman ne aka ɓata lokaci mai tsawo kan wasu layuka tara kacal da aka samu sun yi daidai da na Java harafi da harafi, har alƙalin ya nuna wa lauyoyi cewa shi ma ya sha rubuta irinsu. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa a 2014. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Google a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushewa a 2018.

Hujjar Oracle ita ce tsara waɗannan sunaye aiki ne na basira da ya ci shekaru da dukiya, kuma Google ya tara biliyoyi a kansa bai biya ko kwabo ba. Hujjar Google ita ce in aka hana kwaikwayon sunayen umarni, babu manhajar da za ta iya magana da wata sai da izinin mai ita. Abin ban mamaki, Microsoft, wanda Sun ya taɓa kai wa ƙara kan Java, yana cikin waɗanda suka rubuta wa kotu suna mara wa Google baya, shi da IBM.

A watan Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya, alƙalai shida suka rinjayi biyu. Ta ce abin da ya yi amfani ne halattacce. Ainihin tambayar kuwa, ko ana iya mallakar sunayen umarni, kotun ta tsallake ta.

Google bai jira hukunci ba. A 2017 ya karɓi Kotlin a matsayin harshen rubuta manhajar Android, a 2019 kuma ya fifita shi a kan Java. Kamfanin ya ce saboda ingancinsa ne, sai dai ba kowa ya yarda cewa shari'ar ba ta da hannu a ciki ba.

Katangar Apple

Apple bai tsaya ɓoye-ɓoye ba. A watan Afrilun 2010, daidai lokacin da kamfanin Adobe ke shirin ba masu aiki da fasaharsa ta Flash damar juya manhajojinsu zuwa na iPhone, Apple ya sauya sharuɗɗansa ya taƙaita harsunan da za a iya rubutu da su. Shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya kare matakin da cewa in wani kamfani ya shiga tsakanin Apple da masu rubutu, shi zai riƙa tsayar da lokacin da sabbin abubuwan wayar za su isa ga jama'a. An sassauta dokar a watan Satumba, amma Flash bai farfaɗo ba, kuma an rufe babinsa a ƙarshen 2020.

Har yanzu Xcode, manhajar da ake gina wa iPhone abubuwa da ita, a kwamfutar Mac kaɗai take aiki, kuma sanya manhaja a shagon Apple na cin dala 99 duk shekara, yayin da Google ke karɓar dala 25 sau ɗaya. A ƙasashe irin su Najeriya, inda mafi yawan wayoyin hannu Android ne kuma dala ta yi tsada, wannan bambanci kaɗai ya isa ya zaɓar wa mai koyo inda zai fara.

Microsoft ya sauya riga

A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux, buɗaɗɗiyar kishiyar Windows, da cutar daji. Bayan Satya Nadella ya karɓi ragama a 2014, kamfanin ya buɗe asalin rubutun .NET, ya sa shi aiki a Linux da Mac. A 2015 ya fitar da VS Code kyauta, ƙarƙashin jagorancin Erich Gamma, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Eclipse a IBM. A 2018 ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5. GitHub na da tasa manhajar rubutun, Atom; a ƙarshen 2022 aka binne ta.

Dalilin sauyin a bayyane yake. Kuɗi ya tashi daga sayar da Windows ya koma hayar manyan injina ta intanet, inda Azure ta Microsoft ke fafatawa da Amazon da Google. A wannan kasuwa ba a damu da wane harshe mutum ya yi rubutu ba, muddin a injinka manhajarsa za ta zauna. Binciken shekara-shekara na Stack Overflow, shafin masu rubuta manhaja, na nuna cewa kimanin bakwai cikin goma na masu amsawa da VS Code suke aiki.

Amma buɗewar na da iyaka. Gangar jikin VS Code a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya gina tasa. Kasuwar ƙarin kayan da ake liƙa mata kuwa, da wasu daga cikin mafi amfaninsu, suna ƙarƙashin sharuɗɗan da suka hana amfani da su a wajen kayan Microsoft.

Wa ke biyan kuɗin sauyi?

Masu kare gasar na da hujja mai ƙarfi. Kayan da a da sai ma'aikata mai kuɗi ke iya saye, yanzu ɗalibi na sauke su a banza. React ta Facebook da Angular ta Google sun ingiza juna gaba, haka ma PyTorch da TensorFlow a fagen ƙirƙirarriyar basira. Kuma tsoron gujewar masu rubutu na ladabtar da kamfani: a 2017, da manyan masu amfani irin su WordPress suka ce za su bar React saboda wani sharaɗi a lasisinta, cikin 'yan kwanaki Facebook ya janye sharaɗin.

Masu suka na nuna gawarwakin da aka bari a hanya. Da Microsoft ya koma .NET, sabon Visual Basic bai karɓi rubutun tsohon ba sai an yi masa gyara mai yawa, kuma koken dubban masu rubutu bai sauya komai ba. Silverlight da Windows Phone, su ma na Microsoft, sun tafi da shekarun da mutane suka zuba wajen koyonsu. Google ya sake rubuta Angular daga tushe a 2016, ya bar masu tsohuwar da aikin ƙaura. Kamfani na iya sauya alƙibla a taro guda, amma bankin da ya gina manhajarsa shekara goma a kan wani dandali ba ya tashi cikin dare.

Wani lokacin kuma sai an saba ake kawo lissafi. A farkon 2023 Oracle ya koma cajin kuɗin Java bisa yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa buɗe ta ba. Abin da ya ceci da yawa shi ne Sun ya riga ya buɗe asalin rubutun Java tun wajen 2006 zuwa 2007, don haka Amazon da Microsoft da Gidauniyar Eclipse na raba nasu samfurin kyauta.

Ƙananan kamfanonin da ke gina buɗaɗɗun kaya na da nasu kukan. Sun ce su ke wahalar rubutu, manyan masu hayar injina na ɗauka su sayar: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kan haka Elastic ya ƙuntata lasisinsa a 2021, HashiCorp a 2023, Redis a 2024. Kowane karo sai aka ɗauki rubutun ƙarshe da ke a buɗe aka ɓalle da shi ƙarƙashin sabon suna: OpenSearch, OpenTofu, Valkey. Elastic da Redis daga baya sun dawo da buɗaɗɗen lasisi, bayan wani ɓangare na jama'arsu ya riga ya yi gaba.

Fagen ƙirƙirarriyar basira

A 2021 GitHub ya gabatar da Copilot, wanda ke ƙarasa wa mai rubutu layin da ya fara, aka kuma soma sayar da shi a 2022 kan dala 10 a wata. Da wannan, biyan kuɗi kan kayan aiki ya dawo, amma yanzu haya ce ta wata-wata, domin kowace amsa na cin wuta da lokacin injina masu tsada. An horar da Copilot ne da ɗimbin rubutun da jama'a suka ajiye a fili, abin da ya sa wasu masu rubutu suka kai ƙara a 2022. Alƙali ya kori akasarin tuhume-tuhumen a 2024.

Masu ƙalubalantar Microsoft a wannan fage da kayansa suka fara. Cursor da Windsurf duka a kan buɗaɗɗen rubutun VS Code aka gina su. A 2025 Anthropic da OpenAI da Google kowanne ya fito da mataimakin da ake ba aiki sukutum ya je ya rubuta, ya gwada, ya gyara. A tsakiyar shekarar Google ya biya kimanin dala biliyan 2.4 don ɗaukar shugaban Windsurf da wasu ƙwararrunsa tare da lasisin fasaharsu, wani kamfani mai suna Cognition ya sayi abin da ya rage.

Microsoft ma ya fara jan igiyarsa. A watan Afrilun 2025 masu aiki da Cursor suka tarar ƙarin kayan Microsoft na harsunan C da C++ ya daina aiki a wurinsu, saboda kamfanin ya soma aiwatar da sharaɗin lasisin da ya daɗe a rubuce ba a tilasta shi. Yawancin manhajojin da suka ɓalle daga VS Code yanzu sun dogara ne da Open VSX, kasuwar ƙarin kaya da Gidauniyar Eclipse ke kula da ita, suna kuma rubuta nasu madadin na kayan da aka rufe musu.